Kafa rediyomitar maikurowef a Samaru da yadda muke tsare gaskiyar awonta

Rediyomita, na'urar auna igiyoyin maikurowef da ke saukowa daga sama, ba ta harba komai sama, saurare kawai take yi. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da igiyoyin maikurowef 'yan kaɗan, har da tururin ruwan da ke cikin iska, da iskar oksijin, da ɗigon ruwan da ke rataye a jikin gajimare. Madubin da ke cikin na'urar yana tattara ɗan abin da ke saukowa ya miƙa wa risiba, wato sashen da ke karɓar sigina, ita kuma ta mayar da shi lamba a ma'aunin kelbin, wanda ke ƙidaya zafi tun daga ƙarshen sanyi, digiri 273 ƙasa da sifiri. Wannan lambar muke kira zafin haske. Sararin da ke bayan iskar duniya yana da zafin haske na kelbin 2.73, don haka duk abin da ya ƙaru a kan wannan, iskar da ke kanmu ce ta ƙara shi. Lambobin tururi da na ruwan gajimare da ke fitowa a fuskar kwamfuta lissafi ne da aka ɗora a kan zafin haske. Kuskuren kelbin ɗaya tak a tashar gigahaz 31.4 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne, kamar lambar tashar rediyo) yana iya ƙirƙiro gajimaren ƙarya mai ruwa kusan gram 30 a kowace murabba'in mita, alhali sama tas take. Yawancin wahalar aikin ta tsaron wannan kelbin ɗaya ce.

Wadda muka kafa a wani buɗaɗɗen fili a gefen Samaru, a Zariya, mai tashoshi 14 ce. Bakwai suna tsakanin gigahaz 22.24 da 31.4, su ne na ruwa. Sauran bakwai suna tsakanin 51.26 da 58, a gefen layukan oksijin, da su ake auna zafin iska hawa-hawa. Tururin ruwa yana da layinsa a gigahaz 22.235, inda yake shan igiya kuma yake fitar da ita. Wannan layin ne ya karya lagon radar mai tsawon igiya santimita 1.25 da aka ƙera lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ganinta ke gajarcewa duk ranar da iska ke da laima, kuma a 1946 Robert Dicke da abokan aikinsa suka buga awon da suka yi wa tururin sama da rediyomita. Sai dai ba a tsakiyar layin aka fi son saurare ba. Faɗinsa yana canzawa da nauyin iska: kusa da ƙasa yana bajewa, can sama yana tsukewa. A wajen 23.8 wannan canjin yana kusan kashe kansa, ta yadda gram ɗaya na tururi ke ba da kusan sigina ɗaya, ko yana mita 500 ko yana kilomita 4 a sama. Shi ya sa 23.84 ta zama tashar jimillar tururi. Ruwan gajimare ba shi da layi. Ƙarfinsa yana hawa ne yadda gigahaz ke hawa. A 31.4 tururi ya yi rauni, ruwa ya yi ƙarfi. Tashoshi biyu, abubuwan nema biyu, lissafi ya fita. Ƙanƙarar da ke cikin siraran gajimaren can ƙololuwa kuwa kusan ba ta cewa komai a waɗannan tashoshin.

Jimillar tururi ana faɗinta da kilogiram a murabba'in mita, wanda daidai yake da milimita: da za a matse duk tururin da ke kan fili, daga ƙasa har ƙarshen iska, zurfin ruwan da zai taru ke nan. A Zariya, tsakiyar hunturu wajen milimita 10 ne, a Agusta kuma yakan kai 45 zuwa 50. Ruwan gajimare da gram ake faɗinsa, domin gajimaren da ya rufe rana ruf yana iya kasancewa gram 100 kacal yake ɗauke da shi, kashi ɗaya cikin goma na milimita ke nan.

Zaɓen wuri ya zo kafin komai. Madubin yana juyawa ne a kan layi ɗaya, daga wannan gefen sama ya bi ta tsakiya ya sauka ɗaya gefen, kuma faɗin abin da yake gani a tashoshin ruwa ya kai digiri uku da 'yan kai. Bishiya ko gini a wurin rediyomita abu ne mai zafin kelbin 300. Idan reshen darbejiya ya cika kashi ɗaya cikin ɗari na abin da madubi ke gani, ya ƙara kusan kelbin 3. Bishiya mai tsayin mita 15 sai ta yi nisan mita 60 ko fiye kafin a iya duban kusurwar digiri 19.5 hankali kwance, in kuma ana son sauka har digiri 5.4 don awon zafin iskar ƙasa-ƙasa, sai ta yi nisan kusan mita 250. Samaru gari ne mai bishiyoyi, kuma mangwaron da bai kai ba a bana zai kai baɗi, don haka mun ɗauki hoton bakin sama ta fuskokin biyu mun ajiye don kwatantawa.

Mun sa layin juyawar ya kalli arewa da kudu, saboda rana. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya. Ko a ƙarshen Disamba, lokacin da rana ta fi karkata kudu, tsayinta da tsakar rana wajen digiri 55 ne, ba ta saukowa kusurwoyin 42 da 30 da 19.5 da muke duba. Da gabas da yamma aka sa shi, akwai watannin da za ta riƙa ratsa waɗannan kusurwoyin safe da yamma.

Ƙafafun suna kan daɓen siminti, an ɗaure su da noti saboda iskar hadari. Lebur ɗin magina ya isa a fara da shi, amma na'urar auna karkata mai lamba ce ke yanke hukunci, ta fuska biyu. A tsakiyar sama karkatar digiri ɗaya ba komai ba ce. A kusurwar 30 tana canza tsawon hanyar da igiya ta bi cikin iska da kashi 3 cikin ɗari, a 19.5 da kashi 5. Bayan damina ta farko an sake aunawa, don ƙasa tana zama.

Wuta kuma sai an yi mata tanadi na musamman. Risiba tana riƙe zafin jikinta a tsaye, ba ya motsi fiye da ɗan ƙaramin kaso na kelbin ɗaya, kuma duk ɗaukewar wuta tana nufin a jira ta sake daidaita kafin a yarda da lambobinta. Saboda haka ita da kwamfutarta suna kan batir da inbata, sola na caja su. Hitar da ke ɗumama iskar busar da tagar da madubi ke dubawa ta cikinta tana jan wuta fiye da abin da rediyomitar kanta ke ja, don haka layinta daban. An kafa sandar tagulla a ƙasa mai danshi an haɗa jikin na'urar da ita, an sa makarin tsawa a wayar wuta da ta bayanai, an kuma cusa wayoyin cikin bututu saboda gara da ɓeraye. Agogon na'urar yana kan lokacin duniya na UTC daga GPS, wanda ke bayan agogon Nijeriya da awa ɗaya. Kowane littafin aiki a wurin da UTC ake rubuta shi, in ba haka ba wata rana za a ga ruwan sama ya sauka awa guda kafin gajimarensa ya iso.

Da aka kunna ta, abin da muka fara dubawa shi ne ko lambobin sun yi kama da hankali. A rana mai tsabta cikin hunturu, ana sa ran wajen kelbin 20 a 23.84 da wajen 14 a 31.4. A tsakiyar damina, idan gajimare ya yaye, wajen 70 da 32. Tashar 58 kuwa ba ta gani nesa, don haka lambarta tana kusa da ta ma'aunin zafin da ke jikin na'urar. Idan waɗannan sun kauce da nisa, babu amfanin duban taswirar tururi. Saitin da aka yi a masana'anta ma ba a dogara da shi bayan na'ura ta sha jijjigar jirgi da ta mota.

Saiti na gaskiya da ruwan naitirojin ake yinsa. Risiba tana ba da ƙarfin lantarki ne, kuma kafin a mayar da shi kelbin sai an nuna mata abubuwa biyu da aka san zafinsu. Na farko yana cikinta: wani baƙin soso mai tsini-tsini da ke shanye maikurowef, da ma'aunin zafi a jikinsa, wanda madubi ke waiwaya ya duba duk bayan 'yan mintoci. Na biyu shi ne irin wannan soson a nutse cikin ruwan naitirojin a akwatin kumfa. Akwai kuma ɗan diyod, wani ƙaramin ɓangaren lantarki mai ƙara sigina sananniya, wanda a ranar saiti ake tantance ƙarfinsa, shi kuma ya riƙe awon har saiti na gaba. Wata shida-shida aka saba yi.

Lokacin yinsa a nan yanayi ne ke zaɓa. A damina, da an zuba ruwan naitirojin laima take kwanciya a jikin akwatin da madubin ƙarfen da ke karkato da ganin na'urar cikinsa, kuma wannan laimar tana da nata zafin haske. Don haka muna yi a Nuwamba bayan iska ta bushe, mu sake a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu kafin laimar bazara ta kankama, da sassafe ko da yamma, lokacin da iska ba ta kaɗawa kuma rana ba ta dukan akwatin. Na'urar ta kwana a kunne. Lita 30 zuwa 40 muke tanada, domin wani kaso yana tafiya a hanya, wani kuma wajen sanyaya akwatin. A yankin Zariya masu ajiyar maniyyin bijimai da ɗakunan gwaje-gwaje su ne suka saba da wannan ruwa, a wurinsu ake jin inda ake samunsa. Tulunsa a bayan buɗaɗɗiyar mota yake tafiya, a tsaye, a ɗaure. Lita ɗaya tana zama kusan lita 700 na iska, kuma a rufaffen wuri tana kore oksijin ba tare da wari ko alama ba. Mai zubawa yana sa safar hannu ta sanyi, da makarin fuska, da rufaffen takalmi da ƙafar wando a kansa. Silifa da riga mai faɗin hannu ba su da wuri a nan, don yadi yana riƙe ruwan a jikin fata, ruwan kuwa yana digiri 196 ƙasa da sifiri.

Zubin farko kaɗan ne. Ruwan yana taɓa soson sai ya tashi da tafasa, farin hayaƙi ya malalo ta bakin akwatin ya bi ƙasa, ana jin kumfar tana ƙara ƙas-ƙas tana tsukewa. Mai riƙe da kwamfuta yakan ƙagu, sai mai zubawa ya ce, "Malam, a dakata tukuna, bai kwanta ba." Gaskiyarsa ne. Sai an ƙara a hankali har ruwan ya rufe tsinin soson gaba ɗaya da ɗan rara a sama, tafasar ta koma 'yan ƙananan kumfa, sannan a fara awo. Tsini ɗaya da ya leƙo waje ya fi ruwan ɗumi, zai ɗaga lambar. Kuma ba a jan lokaci. Oksijin na iska yana narkewa cikin ruwan da aka bari a buɗe, shi kuwa a kelbin 90 yake tafasa, don haka zafin cakuɗen yana hawa a hankali. Ana kashe fankar busar da taga lokacin awon, a duba madubin ƙarfen da ido kafin da bayan kowane zagaye ko ya yi gumi.

Gyara biyu ne ba a tsallakewa. Na farko na tsayin wuri ne. Littattafai suna cewa naitirojin yana tafasa a kelbin 77.36, amma wannan a nauyin iskar bakin teku ne, hektofaskal 1013. Samaru tana kusan mita 690 sama da teku, nauyin iskarta wajen 935, don haka a nan yana tafasa a wajen 76.7. Bambancin 0.7 kamar ba komai, sai dai zafin hasken sama a hunturu bai kai na ruwan naitirojin ba. Layin da aka ja tsakanin 300 na soson ciki da 77 na naitirojin ana miƙa shi ne har 14, kuma kuskuren yana girma a hanya ya kai kusan 0.9, wanda ya isa ya rubuta gajimaren ƙarya na wajen gram 20 a rana mai tsabta. Manhajar tana yin gyaran da kanta daga ma'aunin nauyin iskar na'urar, shi ya sa muke gwada wannan ma'aunin da wani amintacce kafin a buɗe tulu. Gyara na biyu na fuskar ruwan ne. Tana mayar da kusan kashi 0.8 cikin ɗari na abin da ya faɗo mata, abin da ke faɗo mata kuwa ɗumin na'urar ce da kanta, wanda ke ƙara kusan kelbin 2. Ga kuma igiyar da ke kai da komo tsakanin fuskar ruwan da risiba: yayin da ruwan ke ƙafewa tazarar tana canzawa, sai a ga lambar tana hawa tana sauka a hankali. Matsakaicin awo mai ɗan tsawo yana rage wannan. Sababbin akwatuna da ake duba ta gefensu, ta cikin kumfa, an yi su ne don kauce wa matsalar gaba ɗaya.

Bayan an karɓi sabon saiti, muna barin na'urar ta sake duban ruwan a matsayin abin awo. Kowace tasha ya kamata ta ba da lambar da aka sa rai, da bambancin da bai wuce rabin kelbin ba. Sannan a kwatanta sabon ƙarfin diyod da tsohon. Ƙaramin motsi tsufa ne. Tsalle babba a tasha ɗaya yawanci laifin saitin ne, gara a sake tun ruwan bai ƙare ba.

Tsakanin saiti da saiti, sama da kanta take zama abin gwaji, kuma a nan hunturun Zariya alheri ne. Idan iska a shimfiɗe take bai ɗaya, duban kusurwar 41.8 yana ratsa ninki ɗaya da rabi na iskar da ke tsakiyar sama, 30 ninki biyu, 19.5 ninki uku. Ana mayar da kowane zafin haske zuwa duhun iska, wato yawan abin da iska ta tare, da wannan lissafin: τ = ln[(Tm − 2.73) / (Tm − Tb)], inda Tb shi ne zafin hasken da aka auna, Tm kuma matsakaicin zafin iskar da ke fitar da igiyar, wajen 280 zuwa 290 a nan. Misali, da Tm 285, kelbin 70 yana ba da 0.27, kelbin 32 yana ba da 0.11. Idan aka zana duhu a kan ninkin iska, dole ɗigogin su hau miƙaƙƙen layi, layin kuma ya bi ta sifiri, don inda babu iska babu duhu. In bai bi ba, saitin ne ya goce, kuma girman gocewar yana faɗin gyaran da za a yi. Muna duban arewa da kudu duka mu ɗauki matsakaici, wanda ke kashe yawancin kuskuren karkata. Idan gefe ɗaya kullum ya fi ɗaya, ko lebur ya tafi ko wani abu ya shigo hanya. Wannan dabarar ta tashoshin ruwa ce kawai, na oksijin sun yi duhu da yawa. A damina ba ma barin manhaja ta karɓi sakamakonta da kanta, domin sama mai kama da tsabta takan ɓoye tururi mai yawa a gefe guda.

Hazo bai hana wannan aiki ba. Ƙwayar ƙura ta yi ƙanƙanta ƙwarai a kan igiya mai tsawon santimita guda, don haka ranar da Dutsen Kufena ya ɓace wa ido, rediyomita tana gani sarai. Inda ƙura ke cizo daban ne, zan zo kansa.

Daga duhun iska zuwa milimita da gram, ana buƙatar lambobin juyi, kuma nan ne na fi ganin ana sakaci. Na'ura takan iso da lambobin da aka samo daga bayanan balan-balan masu auna yanayi na wani gari a Turai. Ana samo su ne ta hanyar ɗaukar dubban sifofin iska na wuri, a lissafa zafin hasken da kowanne zai bayar, sannan a nemi dangantakar da ke mayar da zafin haske zuwa ruwa. Lambobin garin da ke bakin teku mai sanyi ba su san nauyin iska 935 ba, ba su san tururin milimita 50 ba. Sannan ɗigon ruwa mai ɗumi bai kai mai sanyi shan igiya ba: a 31.4, gajimare mai zafin digiri 20 yana shan kusan kashi biyu cikin uku na abin da mai digiri sifiri ke sha. Lambobin ƙasar sanyi za su rage wa ƙananan gajimaren safiyar Agusta ruwansu. Mun gina namu daga bayanan yanayi na ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, na shekaru da yawa a kan Zariya, da duk watannin shekara a ciki, aka ware wani kaso don gwaji. Awon da aka yi da irin waɗannan na'urori a Yamai da kusa da Jugu a Benin a 2006, ƙarƙashin shirin binciken daminar Afirka mai suna AMMA, yana da amfani wajen ganin ko lambobin mutum sun yi kama da na yankin. In komai ya tafi daidai, ana samun jimillar tururi da kuskuren da bai wuce milimita ɗaya ba, ruwan gajimare kuma da kuskuren gram 20 zuwa 30.

Wannan kuskuren na gram ana rage shi da gyaran sifiri. A lokacin da aka tabbata babu gajimaren ruwa, duk abin da na'ura ta rubuta, ko 15 ko ƙasa da sifiri, shi ne gocewarta, sai a cire shi daga awon da ke kusa. Tabbatarwar ce ke da wuya. Akwai ƙaramin ma'aunin infirared (hasken ɗumi da ido ba ya gani) a jikin na'urar da ke duban sama, amma shi yana ganin ƙura, yana kuma ganin tururi, don haka iyakar da aka sa masa a masana'anta takan kira hazon Janairu gajimare. Mun fi dogara da natsuwar tashar 31.4: gajimaren ruwa ba ya wucewa ba tare da ya girgiza ta ba, in ta yi rabin awa ko fiye ba motsi, sama a buɗe take. Inda akwai na'urar leza mai auna gindin gajimare, ita ce shaida ta biyu.

Damina ita ce lokacin da aka fi son awon, ita ce kuma lokacin da na'ura ta fi yin ƙarya. Tagar da madubi ke dubawa ta cikinta an rufe ta da murfin kumfa mai shafin da ke korar ruwa. Ruwan da ya kwanta a murfin, komai sirantarsa, na'ura ba ta bambanta shi da na gajimare. Sabon murfi, in aka yayyafa masa ruwa, ɗigon yana dunƙulewa ya gangare kamar a kan ganyen gwaza, fanka ta ƙarasa sauran cikin 'yan mintoci. Wanda ya sha ranar bazara da ƙurar hunturu kuwa ruwan yana bajewa ya jiƙa shi, ya ɗauki rabin awa ko fiye bai bushe ba. A rubutu ana gane shi: ruwa ya ɗauke, ma'aunin ruwan sama ya ce babu, amma duk tashoshin ruwa suna sama suna saukowa sannu a hankali a lanƙwashe, har da 51.26 da 52.28. Muna yin gwajin yayyafi kowane mako, muna canza murfi kafin ruwan farko, ba bayansa ba. Ba a goge shi da tsumma, ba a sa masa sabulu. Ruwa mai tsabta ake kwarara masa a hankali. Ragar bakin fanka tana toshewa da ƙura a hunturu, zanzaro kuma yana son gina ɗakinsa a bututun iskar, ga kashin tsuntsu a kan taga wanda ke bayyana a matsayin tsalle ɗaya da ya ƙi sauka. Raɓar Satumba da Oktoba tana yin irin ɓarnar ruwan sama da asuba, shi ya sa hita ke kamawa da kanta idan laimar iska ta haura wajen kashi 80 cikin ɗari.

Ko da murfi a bushe, awon da aka yi ruwa na zuba ba a amfani da shi. Lissafin ya ginu ne a kan ɗigo ƙanana ƙwarai. Manyan ɗigon ruwan sama suna sha suna warwatsa igiya fiye da kima. Mai wuyar kamawa shi ne yayyafin da ke ƙafewa kafin ya taɓa ƙasa, wanda ake yawan gani a bazara: ma'aunin ruwa bai jiƙe ba, amma lambar gajimare ta yi sama. Duk abin da ya haura gram 500 muna sa masa alamar tambaya. Hadarin da ke tasowa daga gabas yana da sawunsa: iska da ƙura su riga, lambar gajimare ta harba cikin mintoci, daga nan sai alamar da ma'aunin ruwan sama ke bayarwa. Muna yanke 'yan mintoci kafin alamar, da duk lokacin bushewar murfi bayanta.

Akwai abin da littafin masana'anta bai damu da shi ba, don a Turai ba ya faruwa. Sau biyu a shekara rana tana bi ta tsakiyar saman Zariya daidai, wajen 19 ga Afrilu da wajen 24 ga Agusta, da misalin ƙarfe 12:30 agogon gida. A maikurowef zafin haskenta dubban kelbin ne, kuma ko da yake faɗinta rabin digiri ne kawai, tana ƙara fiye da kelbin 100 a tashoshin ruwa. Tana ratsawa cikin kusan kwata na awa, kuma abin yana maimaituwa, yana raguwa, na kwanaki kafin ranar da bayanta. Manhaja za ta rubuta shi a matsayin gajimare mai nauyi da ke zuwa kullum a kan lokaci. Muna lissafa matsayin rana mu cire duk awon da ta kusanci tsakiyar gani da ƙasa da digiri 7. Tana da amfani ɗaya: lokacin da siginar ta kai ƙololuwa yana nuna ko madubi tsakiyar sama yake kallo da gaske.

Katsalandan na sadarwa ya fi sauƙin ganewa. Tsakanin gigahaz 23.6 da 24 an keɓe shi a duniya don saurare kawai, amma farantan sadarwa da ke haɗa turakun waya da juna suna aiki a kusa da 23 da 26. Yanayi ba ya taɓa tasha ɗaya ya bar maƙwabtanta. Idan 23.04 ko 26.24 ta yi tsalle ita kaɗai, musamman a ƙananan kusurwoyi ta gefe guda, ba ruwa ba ne. Sai a cire tashar daga lissafi a sake gina lambobin juyi ba da ita ba, ko a ɗan juya na'urar.

Shaida daga waje muna samunta daga GPS. Tururi yana jinkirta siginar tauraron ɗan Adam, kuma kowace milimita ta tururi tana ƙara wa hanyar kusan milimita 6.3, wato tururin Agusta ya kai jinkirin santimita 28 ko fiye. An kafa tashar ABUZ ta tsarin NIGNET, wato jerin tashoshin GPS na Nijeriya, a Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma duk wata risiba mai kyau da aka kafa a tsaye. Sharaɗin shi ne ma'aunin nauyin iska mai gaskiya, don kuskuren hektofaskal ɗaya yana zama kusan kashi ɗaya cikin uku na milimitar tururi. GPS bai damu da jiƙaƙƙen murfi ba, don haka idan layukan biyu suka rabu bayan ruwa suka sake haɗuwa, tsawon rabuwar shi ne lokacin bushewar murfinmu.

Taswirar laima hawa-hawa mai launuka da manhaja ke zanawa ita ce baƙi suka fi tsayawa kallo, ni kuwa ita na fi taka-tsantsan da ita. Tashoshin ruwa bakwai ba su ɗauke da fiye da bayanai biyu masu zaman kansu game da yadda tururi ya rabu a tsaye. A Afrilu, lokacin da iskar kudu mai laima ke kutsowa da dare a ƙarƙashin busasshiyar iskar arewa, iyakar da ke tsakaninsu kaifi gare ta, amma taswirar za ta shafe ta ta zama gangara. Jimillar kuwa abin dogara ce, kuma a cikinta ake ganin tururi yana hawa da dare yana sauka da rana makonni kafin ruwan shuka.

Abin da muke ajiyewa ba lambobin ƙarshe kaɗai ba ne. Zafin haske na kowace tasha, ƙarfin lantarkin risiba, zafin soson ciki, tarihin diyod, da littafin da ke faɗin ranar da aka wanke murfi ko aka canza shi, duk suna tafiya tare a wuri biyu. Idan saitin Nuwamba ya nuna 31.4 ta goce da kelbin ɗaya tun Afrilu, ana komawa gwaje-gwajen kusurwa da lokutan sama mai tsabta a gano ko a hankali ta goce ko rana ɗaya ta yi tsalle, misali bayan tsawa ko doguwar ɗaukewar wuta, sannan a sake lissafa daminar gaba ɗaya daga zafin hasken da aka gyara.